Baƙuwar Waya a Ɗakin Mita

Da hantsi aka kira Injiniya, kuma tun daga bakin titi ta jiyo ƙaurin. Wanda ya taɓa shaƙar ƙonanniyar robar waya ba ya manta ta, maƙalewa take yi a maƙogwaro ta ƙi wucewa. Mutanen benen kusan duk sun firfito tsakar gida sun yi cirko-cirko, wani da silifa wari ɗaya, yara sanye da kayan makaranta sun rirriƙe uwayensu. Ɗakin mita ne ya kama da wuta da safe, daidai lokacin da kowane gida ya kunna hita da dutsen guga. Allah ya sa mai gadi ya hango hayaƙin, ya kutsa ya sauke babban makunni, ya ƙona tafin hannunsa, aka kashe sauran da yashi.

Gabanta ya faɗi, don aikin nata ne. Bara, da motocin lantarki masu caji suka fara yawa a gidan, ita aka ɗauko ta tsara yadda za a sha wuta. Layin da ya shigo benen an ja shi ne tun zamanin da firji ke sarautar cin wuta a gida, mota ɗaya kuwa in ta kafa baki sai ta shanye abin da gida guda ke sha. Shi ya sa ta kafa na'urar rabo, wadda ke duba abin da gidaje ke ja, ta raba wa motoci ragowar bi da bi. Ta sha zagi a kan na'urar nan, domin kowa gani yake motarsa ce ta fi cancanta. Amma ta san muddin komai na bi ta cikinta, babu wayar da za ta yi zafi.

Wakilin mai gida ya tare ta a ƙofa. Mutum ne mai tumbi da son a ce ya iya magana. Ya gaya mata, da murya yadda kowa zai ji, cewa jama'a na cewa na'urarta ce ta nemi ta hallaka su. Ta kunna tocila ta shiga.

Na'urar ta yi baƙi ta waje, amma cikinta lafiya lau. A bayan babban akwatin wuta ta ga abin da ya tayar mata da tsigar jiki. Wata siririyar waya ce, irin wadda ake ja wa fanka, an maƙala ta kai tsaye a jikin layi, ba fis mai katse wuta in ta yi yawa, ba komai. Ta narke ta shige wani bututu a bango. Duk wayar da ke ɗakin nan Injiniya ta san ta, wannan kam baƙuwa ce.

Ta sa fulaya ta datse ta, ta ɗauko abin gwajinta ta auna layin. Allurar ta karkata. Ta sake aunawa, ta sake karkata. Wato a wani wuri cikin bango, zafin wannan waya ya cinye rigar 'yar'uwarta ta gidan, tsirarar waya na taɓa ƙarfe. Bututun kuwa ta gefen matakala ya bi, kuma matakalar nan ita kaɗai ce hanyar fita daga benen. In ta ɗaga makunni a haka, wuta za ta tashi ne a inda ba mai ganinta.

Tana fitowa ta ci karo da Nas, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a hawa na biyu, ta sauko a guje tana haki. Ita ta tuna musu da Baba, tsohon da ke can hawan ƙarshe, wanda inji ke ba shi iska dare da rana. Tunda wuta ta ɗauke aka mayar da shi kan tukunyar iska ta ajiya, kuma tukunyar ba za ta wuce faɗuwar rana ba. Masu kawo wata sun ce sai gobe. Lif ya mutu, zuciyar tsohon kuma ba za ta ɗauki jijjigar saukowa ta matakala ba. An aro wani ƙaramin janareto, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Babban janareton gidan kuwa an sayar da shi tuni don a sami wurin ajiye motoci.

"Injiniya, ki ba mu wuta," in ji Nas.

"In na ba ku yanzu, da shi da ku duka zan ƙona. Sai na san inda wayar nan ta bi."

Wakili ya ce a fasa bangon mana. Ta ce masa bango ne tun daga ƙasa har sama, in ta fara fasawa ba za ta gama a yau ba. Wanda ya ja wayar shi ya san hanyarta, kuma yana cikinsu. Da ta faɗi haka sai kowa ya fara satar kallon na kusa da shi.

*

Ba a daɗe ana kallon juna ba, idanu suka taru a kan Direba. Shi ne mai motar haya, dogo, mai baki, wanda kullum da safe yake tsayawa gaban na'urar rabo yana ɗebe mata albarka. An taɓa jin ya ce wata rana sai ya fasa ta da guduma. Maza biyu har sun matsa sun tare masa hanya, matarsa ta fara kuka.

Injiniya ta janye shi gefe. Bakin nan nasa ya mutu, sai rantsuwa yake jerawa. Ta ce ya buɗe mata motar. Cajinta ya yi ƙasa ƙwarai, ko unguwa ba za ta fitar da shi ba. Ya ce da a ce yana satar wuta, ai da ba a gan shi shekaranjiya yana tura ta da kafaɗa ba, yara na yi masa dariya. Ta duƙa ta dudduba inda yake ajiye motar. Fili ne fetal a tsakiyar gareji, ba bango, ba bututu, ba inda waya za ta ɓuya. Ta ce ya je ya rarrashi matarsa.

Mai gadi na zaune a kan benci, an naɗe masa hannu da bandeji, yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Ta tambaye shi wa ke da makullin ɗakin mita. Ya ce a ƙusa yake rataye cikin ɗakinsa, kowa zuwa yake ya ɗauka ya duba mitarsa. Ta tambaye shi ko akwai motar da kullum take cike. Ya yi ƙasa da murya ya ce shi dai bai taɓa jin Wakili ya yi ƙorafin caji ba.

Ta tsare Wakili a bayan tankunan ruwa. Nan da nan gumi ya karyo masa. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya roƙe ta ta rufa masa asiri: a ofishin mai gidan yake cika motarsa, ba da sanin mai gidan ba. Ɓarawo ne, amma ba wanda take nema ba. Ta ji haushin lokacin da ya ci mata, ta ɗaga kai ta ga rana ta riga ta raba.

*

Tunda bakin mutane ya ƙi, sai ta koma wa abin da ta iya. Bin waya aiki ne na hanci da yatsa. Ta bi bangon gareji tana ƙwanƙwasawa, tana kara hanci a kowane murfi, tana shafa fenti ko za ta ji inda ya kumbura. Ƙaurin ya ja ta har wani lungu a bayan tankuna, inda aka jibge tsofaffin tayoyi. Ta ture su da ƙafa. Ga soket nan a ƙasa, ya narke ya murguɗe. A nan ake jona mota a ɓoye, ta kwana tana zuƙar wuta ta siririyar waya, na'urar rabo ba ta sani ba.

Ta warware soket ɗin. Inda aka haɗa wayar ba baƙin tef na masu aikin wuta aka naɗa ba, farar filasta ce ta asibiti. An naɗa ta tsaf, da kulawa, sannan an lanƙwasa bakinta ciki kaɗan, an bar ɗan kunne na kamawa. Ta ɓare guntun ta riƙe a tafin hannu.

Wakili, da ya matsu ya goge kunyarsa, yana leƙowa ya ga filasta sai ya hau shela cewa Nas ce. Nas ta tsaya ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tambaye shi tun yaushe motar fetur ta fara shan lantarki. Wani ya yi 'yar dariya, ta mutu nan take, don ba ranar dariya ba ce. Filasta kuma, in ji Nas, duk gidan da ke da yara akwai ta.

Injiniya ta koma ɗakin mita ta sake aunawa, tana addu'a a zuci. Allurar ta karkata kamar ɗazu. Ta cire kan wayar, ta cire gindinta, ashe ɓarnar na tsakiya. Ta jingina da bango. Tsoro take ji sosai, irin wanda ba ta taɓa ji a bakin aiki ba. Ta ko'ina ta juya rai ne a hannunta.

*

Ta hau benen tare da Nas don ta ga tukunyar da idonta. Matakalar duhu, ga toka a kan kowane taki, ga ƙofofi a buɗe yadda masu su suka bar su da suka gudu. Wani gida an bar shayi a kofi, wani an bar takalmin jariri a bakin ƙofa.

Autan Baba ne ya buɗe mata. Malamin makaranta ne, siriri, marar hayaniya, shi ke jinyar mahaifinsa tun rasuwar mahaifiyarsa. Duk benen ana yabonsa, uwaye na yi wa 'ya'yansu misali da shi. Idanunsa sun yi ja. Ɗakin tsohon fes yake, magunguna a jere a kan tebur, injin iska a gefen gado ya yi shiru. Allurar ma'aunin tukunyar ta kusa kwanciya.

Baba na jingine da matasai, siririn bututu a hancinsa, ƙirjinsa na hawa da sauka da ƙyar. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce, "'Yata, an ce wani ne ya yi mana wannan." Ta ce ana kan dubawa, ya kwantar da hankalinsa.

Gumi ya sa filastar da ke riƙe bututun a kumatunsa ta saki. Auta ya sunkuya, ya ɓare ta a hankali, ya yago sabuwa da haƙori. Kafin ya manna, babban yatsansa ya lanƙwasa bakinta ciki. Ko kallon hannun bai yi ba. Injiniya ta ƙura wa ɗan kunnen filastar ido. Ta tambaye shi, kamar hira, me ya sa yake lanƙwasawa. Ya ce fatar Baba ta yi laushi, in ba a bar wurin kamawa ba sai an sa farce, ya ji ciwo. Hannunsa ya saba, ko a kan me yake manna ta.

Ta yafito shi waje, ta ja ƙofar, ta buɗe masa tafin hannunta. Ya kalli ƙonannen guntun, fuskarsa ta koma kamar toka.

"Malam, ina wayar ta bi?"

"Ni malamin makaranta ne, Injiniya. Me na sani a waya?"

Ta roƙe shi. Ta ce ba 'yan sanda ne a gabanta ba, numfashin mahaifinsa ne. Ya yi ta girgiza kai yana ja da baya har ya bugi bango. Ta gane ba taurin kai ba ne. Tsoro ne ya ɗaure shi, ya kasa yarda ko a ransa cewa hannunsa ne ya kashe injin da ke gefen gadon can. Ta bar Nas wurin Baba, ta ce da Auta ya biyo ta.

*

Ta tara su a kwanar matakala ta hawa na farko, inda ɗan haske ke shigowa ta taga: Wakili, Direba da matarsa, mai gadi, da sauran masu motoci. Rana ta yi sanyi, hasken ya fara ja. Ta gaya musu a taƙaice abin da ta gani a lungun tankuna, ta ce wanda ya yi aikin nan ba ma'aikacin wuta ba ne, kuma ba mugu ba ne, don mugu ba ya naɗa waya da irin wannan kulawa. Ta ba shi dama ya yi magana da kansa. Ba wanda ya motsa. 

Bandejin mai gadi ya warware yana lilo. Ta zaro filastar da ta ɗauko daga teburin Baba, ta miƙa wa Auta, ta ce ya taimaka ya ɗaure masa. Ya karɓa. Ya naɗe bandejin, ya yago filasta, kuma duk da ya san abin da take nema, yatsan ya riga shi. Ta ɗora ƙonannen guntun kusa da sabon a kan hannun mai gadi. Kunnuwan biyu iri ɗaya ne.

Auta ya sulale ya zauna a kan matakala. Maganar ta fito masa a gutsure. Watannin baya, wata safiya numfashin Baba ya sarƙe, ya sauko da shi a lif, ya tarar motarsa ba caji, don ranar shi ne na ƙarshe a layin rabo. Ya bi ƙofofi yana bugawa, tsohon na shure-shure a kujera, har Direba ya fito ya kai su asibiti. A taron masu haya ya roƙa a sa motarsa a gaba, kowa ya kawo nasa uzurin, aka watse. Tun daga ranar ba ya iya runtsawa sai ya san motar a cike take. Ya sayi waya, ya kalli yadda ake yi a wayar hannu, ya ja.

Direba ya sunkuyar da kai, ya tuna safiyar. Injiniya ma ta tuna taron, don tana wurin, kuma ta san sa motar a gaba aikin ɗan lokaci ne a jikin na'urar. Wakili ya buɗe baki zai fara maganar hukuma, ta ɗaga masa hannu.

"Malam, ina ta bi?"

Ya ce wayar ba ta kai ba, sai ya ƙaro wata ya haɗa su a cikin wani akwati na silin, ya cusa haɗin tsakanin wayoyin gidan. Ta tambaye shi wane akwati. Ya ɗaga yatsa sama, daidai kan kawunansu.

Kowa ya ɗaga kai. Murfin na nan, gefensa ya yi ɗan rawaya. Matar Direba ta janye mijinta, mutane suka rinƙa sauka da baya da baya.

*

Ta taka tsani ta kwance murfin, toka ta zubo mata a fuska. Filastar haɗin ta ƙone ƙurmus, zafin ya narkar da rigar babbar wayar da ke hawa sama, jan ƙarfenta ya kwanta a jikin bututu. Katakon silin da ke kewaye ya zama gawayi. Da ta biye wa roƙo ta ɗaga makunni ɗazu, da nan ne wuta za ta tashi, a tsakiyar hanyar gudu.

Ta zare baƙuwar wayar gaba ɗaya, ta yanke inda ya ƙone a ta gidan, ta haɗa, ta rufe yadda ya kamata. Yatsunta na sauri. Ta sauka ta auna. Allurar ta tsaya cak. Ta kashe layin motoci duka, ta sa kowa ya fita tsakar gida, ta tsayar da Direba a ƙarƙashin akwatin da bokitin yashi. Sannan ta kama makunnin da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta ɗaga.

Ta tsaya tana saurare, hancinta a buɗe. Firjin wani ya yi gurnani a sama. Fitilar matakala ta kama. Direba ya leƙo ya ce ba hayaƙi. Ba ta amince da lif ba tukuna, da ƙafa ta hau, Auta na biye da ita yana tuntuɓe.

Tun daga ƙofa suka ji ƙugin injin. Nas ta riga ta mayar da bututun jikin injin, ta jingine tukunyar da ta ƙare a bango, tana share hawaye da bayan hannu. Ƙirjin Baba ya fara lafawa. Ya daɗe idanunsa a rufe, yana jan iska kamar mai shan ruwa bayan doguwar tafiya. Da ya buɗe su, Injiniya ya nema.

"'Yata, kin gano shi?"

Ta ce an gyara, Baba, ya huta. Amma tsohon ya sha wuya yau, ya ga mutuwa da idonsa, kuma ransa ya ɓaci. Ya ce shi bai san me ya yi wa mutumin nan ba. Ya ce yaronsa ya wuni a tsaye a kansa ko ruwa bai sha ba, saboda son zuciyar wani. Ya ɗaga hannunsa sama.

"Ko wane ne, ni dai ban yafe ba. Allah ya..."

Auta ya zube a gaban gadon, ya kama hannun da nasa biyu ya sauke shi.

"Baba, don Allah kar ka ƙarasa."

Tsohon ya juyo da kai a hankali. Ya dubi hannun da ke riƙe da nasa, ya dubi fuskar ɗansa, ya daɗe yana dubanta. Injiniya ta taɓa kafaɗar Nas, suka fita, ta ja musu ƙofar.